Daga Kainji Zuwa Rufin Ɗaki: Tarihin Wutar Lantarki A Ƙasarmu

 Kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihi, ni kuwa sai na zaɓi tarihin wutar lantarki, domin in aka ɗebe farashin taki da na albasa, babu maganar da ta fi ta yawo a bakin mutanenmu na Jega da Aliero da Maiyama. Kowa yana da ƙorafi a kanta, amma kaɗan ne suka san hanyar da take bi kafin ta iso ƙwan da ke rataye a ɗakinsu. Ga shi kuwa yanzu an shiga wani sauyi wanda rabon da a ga irinsa tun lokacin da aka gina madatsar Kainji, kuma sauyin zai taɓa aljihun kowannenmu.

Tun farkon al'amari, a gida-gida aka fara sayar da wutar lantarki. A shekarar 1882 wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison ya buɗe tasharsa a birnin New York, amma irin wutar da yake samarwa ba ta iya doguwar tafiya, da ta yi kilomita ɗaya da ɗoriya sai ƙarfinta ya zube a cikin waya. Saboda haka kowace unguwa sai an gina mata tasharta. Abin da ya warware wannan matsala shi ne taransifoma, tare da irin wutar nan mai kai da komo wadda Nikola Tesla da George Westinghouse suka tsaya a kanta. Malamanmu na kimiyya sun sha yi mana bayaninta a allo, to amma ga yadda na fi gane ta. Falken da zai yi doguwar tafiya da kuɗi ba ya ɗaukar buhun kwabbai, yakan canza su zuwa manyan takardu, in ya isa kasuwa sai ya nemi canji. Haka ita ma wuta, ana ɗaga ta zuwa dubban bolt domin ta yi tafiya ba tare da asara mai yawa ba, in ta iso gari sai taransifoma ta yi mata canji zuwa bolt 230 da muke amfani da shi a gida. Da wannan dabara aka kai wutar Niagara zuwa garin Buffalo a 1896, kuma daga nan duniya ta kama hanyar gina manyan tashoshi a nesa tana jawo wuta da dogayen layuka.

A wannan shekara ta 1896 ne aka kunna wutar farko a Ikko, domin gidajen Turawan mulki da fitilun titi. A Arewa kuwa haƙar kuza ce ta fara jawo ta, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra a ƙasar Jos. En'e ta Kano da ta Katsina su ma sun riƙe tashoshinsu da kansu kafin a kafa hukumar lantarki ta ƙasa, wato ECN, wadda ta fara aiki a 1951 ta tattara waɗannan tashoshi a hannunta. Amma tattarawar ta ofis ce kurum. Kowane babban gari yana nan da injinsa, babu waya tsakaninsa da maƙwabcinsa. Mu a lardin Sakkwato abin ya fi tsada, domin jirgin ƙasa bai wuce Ƙauran Namoda ba, inda ya isa a 1929, duk man da za a ƙona kuwa sai mota ta ƙarasa da shi. Talaka dai yana nan da aci-balbal ɗinsa, mai ɗan hali yana da fitilar ƙwai.

Sai maganar Kainji. Bayan samun mulkin kai, an kafa hukumar madatsun Kogin Kwara a 1962, aka soma ginin a 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, wani rukunin kamfanonin Italiya mai suna Impregilo ya yi aikin, aka gama a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. An tsara wurin injuna 12, amma 8 aka girka, huɗu da farko, huɗu a shekarun 1970, jimlar ƙarfinsu megawat 760. A wancan lokaci wannan ya ishi ƙasar har da saura.

Akwai abubuwa biyu game da Kainji da ya kamata ɗan Jihar Kebbi ya riƙe. Na farko, ruwanmu ne. Gulbin Zamfara da ke ratsa Jega yana haɗuwa da gulbin da ya taho daga Sakkwato ta Argungu da Birnin Kebbi, su zuba a Kwara, Kwara kuma ta gangara ta Yawuri ta shiga tafkin. Wato ruwan da muke gani yana wucewa ƙarƙashin gadar Jega da damina, shi ne yake juya farfelar injunan Kainji, ya dawo mana ta waya. Ma'aikatan madatsar suna lissafi da ambaliya biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar ƙasashenmu, mai laka, wanda yake zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun ƙasar Mali har lakarsa ta kwanta, sai ya iso mana cikin sanyin hunturu. Wannan baƙin ruwa shi ke riƙe tafkin da rani, saboda haka duk abin da aka yi wa kogin a Mali ko Nijar ya shafi fitilar ɗakinka.

Na biyu, an biya farashi, kuma mutanenmu na cikin waɗanda suka biya. Tafkin ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni, da yawansu daga ƙasar Yawuri. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa na ban-ruwa a bakin kogi tun kafin a san injin ban-ruwa, sun rasa gonakin da suka gada. Duk ɗan Aliero ya san abin da ake nufi da a raba manomin albasa da fadamarsa. Abin takaicin shi ne wasu daga cikin ƙauyukan da aka tasa sun shafe shekaru masu yawa suna kallon wayoyi na wucewa ta samansu, su kuwa suna kwana cikin duhu.

A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun aka sami NEPA, sunan da har gobe yara ke kira in an kawo wuta, duk da cewa hukumar ta daɗe da rasuwa. Daga Kainji aka ja babban layi mai kilobolt 330, tafiyar kimanin kilomita 300, zuwa Birnin Kebbi. A tashar Birnin Kebbi ake sauke ta zuwa kilobolt 132, reshe ɗaya ya nufi Sakkwato, ɗaya kuma ya tsallaka iyaka ta Dosso zuwa Yamai, wanda ya fara aiki a 1976. Ƙananan layuka masu kilobolt 33 su ke ɗaukar abin da ya rage zuwa garuruwa irin namu. An sha faɗin cewa ba Nijar wuta wani ɓangare ne na fahimtar juna domin kada ta tare kogin daga sama, kuma duk wanda ya fahimci maganar baƙin ruwa zai ga hikimar hakan.

To amma a lura da siffar abin. Layi ɗaya ne tilo, kamar gari mai ƙofa guda. A ƙasashen da suka gyara harkarsu, layuka zobe ake yi da su, in nan ya yanke wuta ta zagayo ta can. Mu kuwa muna ƙarshen igiya. Wannan siffa ita ce asalin rabin wahalarmu, kuma ba a canza ta ba cikin shekaru kusan 50.

'Yan ajinmu za su tuna yadda muka yi karatun dare. Ana tayar da injin makaranta bayan magariba, a kashe shi ƙarfe goma, ranar da babu mai kuwa sai kowa ya fito da fitilarsa, a yi ta rigima a kan wanda ya fasa wa wani ƙwai. Masu shirin jarrabawar ƙarshe sukan haɗa kuɗin kananzir su raba dare. Ban faɗi wannan don kewa ba. Na faɗa ne don yaran da ke zaune a waɗannan azuzuwa yau, a zamanin da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta, ba su fi mu samun wuta da wani abin kirki ba.

An ƙara manyan tashoshi bayan Kainji: Jebba a 1985 mai megawat 578, Egbin ta Ikko mai aiki da iskar gas a tsakiyar shekarun 1980 mai megawat 1,320, sai Shiroro a 1990 mai megawat 600. Hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986 ta kafa turaku a ƙauyuka da dama, wasu an ja musu waya, wasu har suka ruɓe ba su ga waya ba. Daga nan sai gini ya tsaya cik. Jihar Kebbi ta samu a ranar 27 ga Agusta 1991, sababbin ofisoshi da gidajen ma'aikata suka ƙaru, jama'a ta yi ta yawaita, amma shekaru goma ba a ƙara wata babbar tasha ba, tsofaffin kuma ba a kula da su. Lokacin da farar hula suka karɓi mulki a 1999, abin da ƙasar ke samu bai kai megawat 2,000 ba. A wannan zamani ne janareta ya zama kayan ɗaki, injin ban-ruwa mai shan fetur kuma ya mamaye fadamu, musamman bayan shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. Noman rani ya bunƙasa ƙwarai, to amma a kan fetur mai rahusa ya tsaya.

Ba zan daɗe a kan gyare-gyaren ofis ba. Dokar 2005 ta rushe NEPA ta kawo PHCN, ta kafa hukumar sa ido ta NERC da ta wutar karkara ta REA. A ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa, Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka faɗa ƙarƙashin kamfanin Kaduna, Kainji da Jebba aka ba kamfanin Mainstream haya, manyan layuka kuma suka zauna a hannun gwamnati. Suna ya canza, takardar biyan kuɗi ta canza launi. A takarda ƙasar tana da tashoshin da suka kai megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yakan tsaya tsakanin 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Mafi yawan tashoshin da gas suke aiki, masu gas ba sa bayarwa sai an biya su, kamfanonin rarrabawa ba sa tara kuɗin da ya isa, mai gida kuma ba ya son biyan kuɗin ƙiyasi na wutar da bai gani ba. Kowa yana bin kowa bashi.

Shekarar da nake ganin masu tarihi za su ja wa layi ita ce 2023, domin abubuwa sun taru a cikinta kamar an shirya. A watan Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko a inda layin tarayya ya kai, a watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta fayyace yadda za a yi. A ranar 29 ga Mayu aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai wajen naira 1,000. Manomin da ke ba albasa ruwa da inji ya ji wannan a jikinsa kafin kowa. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, inda a farkon Agusta aka yanke layin Birnin Kebbi zuwa Yamai bisa takunkumin ECOWAS, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga nan take zuwa. Ba a mayar ba sai a Maris 2024. A watan Satumba kuma gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta cinye manyan taransifomomi, jihohin wannan kusurwa suka shiga duhu. Wanda bai gane haɗarin gari mai ƙofa ɗaya ba, ya gane a wannan shekara, mu da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka baki ɗaya.

Wannan ne ya kawo mu ga faranti mai zuƙar hasken rana, wanda kowa ke kira sola. Mutane da yawa suna ɗaukarsa baƙo ne na jiya, alhali ya girmi yawancinmu. A 1954 aka ƙera na farko mai amfani a ɗakin binciken Bell a Amurka, yana mayar da kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa wuta, tsadarsa kuwa ta sa sai a jikin tauraron ɗan'adam ake ganinsa. Kuma ƙasar Hausa ba ta zo a makare ba. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyya ne da ya shugabanci cibiyar binciken makamashin rana ta Nijar tun daga 1969, yana ƙera tukwanen dafa abinci da na dumama ruwa da injunan jan ruwa masu aiki da rana, yana faɗa wa shugabanni cewa dukiyar Sahel tana bisa kansu. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi. A Sakkwato ma an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1982, ta yi gwaje-gwaje a ƙauyuka irin su Kwalkwalawa. Ilmin yana nan tun tuni, kuɗin faranti ne ya gagara.

Abin da ya canza shi ne farashi. A ƙarshen shekarun 1970 wat ɗaya na faranti ya haura dala 70. Jamus ta zuba tallafi a farkon wannan ƙarni ta buɗe kasuwa, Sin ta gina manyan masana'antu, farashi ya yi ta gangarowa har wat ɗaya ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na dala, faranti na yau kuma yana cin fiye da kashi 20 cikin ɗari na hasken. Batir ma haka. Irin na litiyam, wanda ke cikin wayoyinmu, ma'ajin kilowat ɗaya na awa guda ya haura dala 1,000 a 2010, amma zuwa 2020 ya sauko ƙasa da 150. Ƙididdigar kayan da ke fita daga Sin ta nuna cewa a cikin wata 12 zuwa Yunin 2025, faranti na kimanin megawat 1,700 ya shigo Nijeriya. A kwatanta da 760 na Kainji. Gaskiya ne Kainji tana aiki dare da rana, faranti kuwa sa'o'i biyar ko shida na ƙarfi yake da su, amma duk da haka a duba: babu minista da ya yanke kyalle, babu kwangila, mutane ne ɗaya bayan ɗaya suka cire kuɗi daga aljihunsu.

Kada a ɗauka ina tallar kaya ne. Rana muna da ita fiye da kusan ko'ina a Nijeriya, to amma zafinmu abokin gaba ne. Faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk digiri biyu ko uku da ya hau bisa 25, a watan Afrilu kuwa farantin da ke kan kwano yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ƙurar hunturu in ta kwanta a kansa ba a goge ba, ita ma ta ci nata rabo. Batir irin na dalma, wanda aka fi saye saboda sauƙin kuɗi, zafi yana kashe shi kafin lokacinsa, shi ya sa za ka ga fitilun titi na sola a jere a garuruwanmu sun zama turakun ɗaure awaki bayan shekara biyu. Ga jabun kaya, faranti an rubuta masa wat 300 alhali bai kai ba. Wanda ya ƙone sau ɗaya yakan ce sola ƙarya ce, nan kuwa mai sayarwa ne maƙaryaci.

Inda na fi ganin alheri shi ne a fadama da kasuwa, fiye da cikin ɗaki. Injin ban-ruwa na sola ba ya bukatar batir ko kaɗan, domin lokacin da rana ta fi ƙarfi shi ne lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa, in ana son ajiya kuma ruwan ake tarawa a tanki. Manomi ya biya sau ɗaya ya huta da jarka. Amma a nan ma akwai abin tsoro. Fetur yana sa mutum ya kashe inji da zarar gona ta ƙoshi, rana kuwa kyauta ce, sai a bar ruwa yana ta zuba. In kowa ya yi haka a fadama ɗaya, ruwan ƙasa zai yi nisa, mai gajeriyar rijiya shi zai fara kuka. An ga haka a wasu sassan Indiya, inda wutar ban-ruwa ta kusa zama kyauta. Sai ajiyar albasa. Kowa ya san asarar da ake yi a rudu tsakanin girbi da lokacin da farashi ke tashi. Albasa ba lallai sai ɗakin sanyi ba, busasshiyar iska mai ratsa ta take so, fankoki kaɗan da faranti kaɗan suna iya wannan aiki. Haka nan ɓuntun shinkafa da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injunan casa ana cinna masa wuta, makamashi ne. A jihar Bihar ta Indiya an kunna ƙauyuka da iskar da ake fitarwa daga ɓuntu tun wajen 2008. Jihar da ke taƙama da shinkafa, mai manyan masana'antu a Argungu da Birnin Kebbi, bai kamata ta bar wannan ya tafi a hayaƙi ba.

Tsakanin farantin gida da layin tarayya akwai wani tsari na uku, wato ƙaramar tashar gari. Kamfani ya kafa faranti da batir da injin ko-ta-kwana a gefen ƙauye, ya ja waya gida-gida, kowa da mitarsa ta biya-kafin-sha. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojinsa a 2016 ta sabunta su a 2023, ta yarda a yi har zuwa megawat ɗaya, a daidaita farashi da mutanen gari. An gwada irinsa a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2018, Jami'ar Bayero ta sami tasha mai megawat 7.1 a 2019, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a Disamba 2023 domin faɗaɗa irin waɗannan ayyuka. Mai karatu zai lura cewa mun zagayo inda Edison ya fara, da inda En'e ta Kano ta tsaya, wato kowane gari da tasharsa. Bambancin shi ne yanzu man ba ya zuwa a mota. Sai dai irin wannan tasha ba ta rayuwa da cajin waya da ƙwai biyu a gida. Sai akwai mai niƙa da mai walda da mai ƙanƙara da masu ɗinki da za su sha wuta da rana su biya. Gari kamar Jiga Birni, ko wata unguwar masu sana'a a Jega, ko kewayen jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006, lissafin da za a fara yi ke nan kafin a kira kowane kamfani.

Wannan ba ya nufin babban layi ya gama aiki. Masana'antar shinkafa ko asibiti babba ba za su dogara da rufin ɗaki ba. Madatsar Zungeru mai megawat 700 an kammala ta a 2023. Akwai kuma aikin layin kilobolt 330 da aka ƙaddamar a 2022, wanda zai tashi daga Birnin Kebbi ya bi Yamai ya kai Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil ta ƙasar Benin, tafiyar fiye da kilomita 800. In ya tabbata, Birnin Kebbi za ta tashi daga ƙarshen igiya ta zama mararraba. Ghana ta nuna wata dabara a madatsar Bui, inda aka haɗa faranti da injunan ruwa, har da masu iyo a kan tafki: da rana faranti ya yi aiki a adana ruwa, da dare a saki ruwan. Tafki ya zama batir ke nan, kuma tafkin Kainji babban batir ne.

Amma tarihi ya koya mini in riƙa jinkirin tafi. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, an ɗauko maganarta tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta shafe fiye da shekaru goma tana jiran a gama. Tashar Jihar Sakkwato mai megawat 38 an ba da kwangilarta a 2008, ita ma ta ga gwamnoni sun zo sun wuce. Ba a rasa fasaha a ko ɗaya ba. Saboda haka ikon da dokar 2023 ta ba jihohi, takarda ce har sai an ga wanda zai riƙe ta.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne rabon. A Afrilu 2024 an ɗaga farashin masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, zuwa naira 225 kowane ma'auni. Ɗan kasuwa mai kaya kaɗan wurin mai biya da tsada zai kai su, ba sai an faɗa ba, layin ƙauye kuwa shi ne na ƙarshe a layi. A ɗaya gefen, masu hali suna hawa rufi suna sallamar kamfani. An ga ƙarshen wannan hanya a Pakistan, inda a 2024 kaɗai aka shigo da faranti masu ɗimbin yawa, manyan masu biya suka janye, nauyin kula da layuka ya koma kan waɗanda ba su da kuɗin faranti. Yawancin masu karanta wannan mujalla suna cikin masu iya hawa rufi. Iyayenmu da ƙannenmu da ke gida, da makarantar da ta yaye mu, suna ɗaya ɓangaren.

Shawarar da zan ajiye gaban babban taronmu ita ce, in ƙungiya za ta sa kuɗi a harkar wuta a makaranta, kada a sayi faranti a ɗora a ɗauki hoto a watse. A fara da rijiyar burtsatse da ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin kwamfuta, waɗanda da rana suke aiki ba su bukatar batir mai yawa, sannan a zo kan azuzuwan karatun dare. A ware kuɗin canjin batir tun ranar farko a asusu dabam. A cikinmu akwai injiniyoyi da masu gyaran lantarki, su zaɓi kayan da kansu, kuma su ɗauki ɗalibai goma ko sha biyu a kowace shekara su koya musu aunawa da haɗawa da gyara, tare da malamin kimiyya. Tsofaffin batura kuma a san inda za a kai su, domin dalmar da ke cikinsu guba ce, kada a bari yara su fasa su a bayan ɗakin kwana.